Yaƙi Biyu a Fili Ɗaya: Baƙin Halittu da Abokan Hamayya na Kwamfuta a Wasan Alpha Centauri



Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba wani wasa na kwamfuta mai suna Alpha Centauri, wanda kamfanin Firaxis na jihar Maryland ta ƙasar Amurka ya fitar a cikin watan Fabrairu na shekarar 1999. Mai yiwuwa wani ya ce wasa ai na yara ne, me ya kawo shi zauren jami'a? Amsa ita ce, wannan wasa na mulki ne. Wanda ya zauna yin sa ya kan shafe sa'o'i yana kafa garuruwa, yana raba kuɗin baitulmali tsakanin bincike da soja da jin daɗin jama'a, yana kuma fama da maƙiya iri biyu a lokaci guda: baƙin halittu na duniyar da ya sauka a kanta, da shugabanni shida waɗanda kwamfuta ke juyawa. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, ko da ya ke ana ganin kamar yaƙi biyu ne dabam-dabam, a wuri ɗaya a ke cin su ko a fāɗi, watau a wurin da mai wasa ya ke zaɓar irin tsarin da zai mulki jama'arsa da shi.

Asalin Wasan

A shekarar 1991 Sid Meier ya fitar da wasan Civilization, inda mutum ya ke ɗaukar al'umma tun daga zamanin da, ya bi da ita har zamanin na'urori. Ɗaya daga cikin hanyoyin cin wannan wasa ita ce a ƙera jirgin sararin samaniya a tura shi zuwa Alpha Centauri, watau rukunin taurarin da ya fi kowane kusa da ranarmu, wanda haske kansa sai ya yi tafiyar shekara huɗu da 'yan kai kafin ya isa can. Brian Reynolds, wanda ya shugabanci aikin Civilization na biyu a 1996, shi ne ya ɗauki labarin daga inda ya tsaya. A cikin labarinsa, Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta tura jirgi mai suna Unity. Kafin a isa sai jirgin ya sami matsala, aka kashe kyaftin ɗinsa, mutanen ciki suka rabu gida bakwai. Ba bisa ƙabila ko harshe ko ƙasa suka rabu ba, bisa aƙida ne. A shekarar 2100 ta cikin labarin kowace ƙungiya ta sauka a nata ɓangare na wata duniya mai suna Chiron.

An raba taswirar wannan duniya gida-gida kamar filin dara, kuma kowane zagaye na wasa shekara ɗaya ce. Mai wasa ya motsa mutanensa, sa'an nan kwamfuta ta motsa nata. Amma fa akwai bambanci babba da dara. A dara mutum biyu ne, kowa da 'ya'yansa daidai da na ɗan'uwansa, ramukan da aka haƙa a ƙasa kuwa ba ruwansu da kowa. A Alpha Centauri filin kansa yana da rai, yana kuma ramawa.

Tsutsotsin Ƙwaƙwalwa

Wani irin jan tsiro mai kama da gansakuka ya lulluɓe wurare da yawa na Chiron. Ba ya ba da abinci mai yawa a farkon wasa, yana kuma hana soja tafiya da sauri. A cikinsa ne wasu tsutsotsi ke zaune, suna yawo curi guda, dubbai a haɗe. Yadda labarin ya nuna, su kan jefa wa mutum firgici a zuciya har ya sandare, sa'an nan su huda kansa su zuba ƙwai a ƙwaƙwalwa. A teku akwai 'yan'uwansu masu kama da tsibiri mai yawo, su kan yi wa tsutsotsin jigila zuwa gaɓa. Can gaba kuma akwai masu tashi sama kamar fara. Ga tsutsa, jar gansakukar nan tamkar titi ce. Saboda haka garin da gansakuka ta kewaye, a kowane lokaci ana iya wayar gari da baƙi a bakin ƙofarsa.

To, a nan ne sabon shiga ya kan yi kuskuren farko. Ya ga maƙiyi, sai ya ƙera bindiga mai ƙarfi, ya yi wa soja sulke mai kauri, ya kewaye gari da ganuwa. Duk wannan aikin banza ne a gaban tsutsa, domin doka ta wasan ta ce faɗa da waɗannan halittu faɗan zuci ne, ba a lissafa makami ko sulke a cikinsa. Tankar yaƙi da aka kashe dukiya a kanta da ɗan sintiri mai riƙe da ƙaramar bindiga duk ɗaya su ke. Abin da a ke dubawa shi ne ƙwarewar sojan da ƙarfin zuciyarsa, wanda aka kasa mataki bakwai, daga ɗanye shakaf har zuwa gwarzo. Su ma tsutsotsin matakin girma bakwai gare su, kuma da shekaru ke tafiya waɗanda ke fitowa daga daji su kan ƙara girma.

Doka ta biyu ta fi ta farko muhimmanci. A kan tudu, wanda ya fara kai hari a irin wannan faɗa ana lissafa masa ƙarfi 3, wanda aka kai wa kuwa 2. A teku kuwa kunnen doki su ke. Ma'anar wannan ita ce, wanda ya zauna cikin gari yana jiran tsutsa ta zo ta same shi, ya ba ta rinjaye da hannunsa. Dabara ita ce a bar ta ta matso gidan da ke maƙwabtaka da gari, a fita a far mata kafin ta motsa. Saboda haka masu gwaninta su kan ajiye ƙaramar mota mai sauri a tsakanin garuruwa biyu ko uku, su gina hasumiyar tsaro wadda ke nuna abin da ya ɓuya cikin gansakuka ta kuma ƙara wa mai tsaro kashi 25 cikin ɗari, su sa motocin gyaran ƙasa su share gansakukar da ke jikin gari. Da zarar an binciko ilmin asirin ƙwaƙwalwar ɗan'adam, ana iya horar da mai gadi mai araha wanda tsaronsa daga firgicin tsutsa ya ƙaru da rabi. Masu zuwa kafa sabon gari da motocin gyaran ƙasa kuwa, ba a barinsu su ratsa daji ba rakiya, don su ne abincin tsutsa na farko. Kuma duk curin da aka kashe ya kan bar wani abu kamar lu'ulu'u, wanda a ke mayarwa makamashi, shi ne kuɗin wasan. Wanda ya iya farautarsu, tsutsotsi sun zama masa hanyar samu.

Wannan duk maganar tsutsotsin farkon wasa ce, masu yawon kansu. Na tsakiyar wasa kuwa kiransu a ke yi. Kowane gari yana da wani adadi da a ke nuna masa, na ɓarnar da ya ke yi wa ƙasa. Idan ma'adinan da gari ke haƙowa suka wuce iyaka, ko aka yawaita haƙa manyan ramuka masu zurfi da kafa na'urorin janyo ruwan sama, sai adadin ya hau. Da ya hau, wata rana sai gansakuka ta ɓarke a tsakiyar gona ta cinye aikin shekaru, wani lokaci ta fito da tsutsotsi tuli. In aka ci gaba, ƙanƙarar ƙarshen duniya ta narke, teku ta cika ta haɗiye garuruwan gaɓa. Maganin wannan ba a barikin soja ya ke ba. Shuka daji a ke yi, a gina gandun itatuwa wanda ke rage ɓarnar gyaran ƙasa da rabi, daga baya a gina babbansa wanda ke kawar da ita ɗungum, a kuma gina wuraren kiyaye halittun ƙasar. A hankali labarin ya ke bayyana cewa gansakukar nan duka jijiyoyi ne na wata ƙwaƙwalwa guda wadda ta game duniyar, tana farkawa daga barci, tsutsotsin kuwa garkuwar jikinta ne. Watau mai wasa shi ne baƙon, shi ne ma cutar.

Akwai kuma hanya ta uku. Ƙungiyar da ƙasar ta yarda da ita, idan ta kai wa tsutsa hari, wani lokaci maimakon faɗa sai tsutsar ta bi ta, ta zama sojanta. Mutanen Deirdre Skye, masu kishin kare muhalli, da wannan baiwa su ke fara wasa.

Shugabanni Shida

Kafin a yi maganar abokan hamayya, ya kamata a gyara wata fahimta. A shekarar 1997 kwamfutar kamfanin IBM mai suna Deep Blue ta ci Garry Kasparov, zakaran duniya na wasan ces, wanda shi ma wani irin dara ne. Wannan na'ura don ci kaɗai aka gina ta. Abokin hamayya na wasan mulki ba haka ya ke ba. Soren Johnson, wanda ya tsara Civilization na huɗu, ya yi lacca a kan wannan a taron masu ƙirƙirar wasanni na 2008, inda ya bambanta kwamfutar da aka yi don ta yi nasara da wadda aka yi don ta ba mai wasa nishaɗi, ta taka rawar wani hali. Shugabannin Alpha Centauri na kashi na biyu ne. Ba su fi mutum wayo ba. A matakai na sama daga cikin matakan wahala shida na wasan, rangwame a ke yi musu wajen ƙera kaya, shi ya sa a ke ganin rundunarsu ta yi yawa. Amma ba su iya gyaran ƙasa sosai ba, kuma sau da yawa su kan aiko soja kaɗan-kaɗan ta hanya guda. Ƙarfinsu na gaskiya shi ne kowannensu yana da hali, kuma ba ya sauka daga kansa.

Biyu ne aka gina a kan zafin kai. Ta farko ita ce Miriam Godwinson, shugabar masu tsananin riƙon addini. Sojanta na da ƙarin kashi 25 cikin ɗari idan su ne suka kai hari, amma bincikenta na ilmi baya ya ke, shekara goman farko ma ba ta tara komai a wannan fanni. Wanda ya sami kansa maƙwabcinta, lokaci na gefensa muddin ya tsira daga guguwar farko. Bayan shekara hamsin ko sittin makamansa za su wuce nata. Tun da ƙarin nata na hari ne kaɗai, ita ma kamar tsutsa gara a riga ta bugu a fili da a jira ta a gida. A nan ya kamata a faɗa cewa masu wasan sun ɗan yi wa wannan mata rashin adalci a fagen yaƙi, domin a cikin labarin ita ce ta fi kowa tambayar ina na'urori za su kai ɗan'adam, kuma tambayoyinta ba na wofi ba ne.

Na biyu shi ne Sheng-ji Yang, mai mulkin kama-karya, wanda jama'arsa ke zaune a ƙarƙashin ƙasa kamar gidan tururuwa. Shi akasin Miriam ne. Kowane gari nasa da ganuwa ya ke zuwa kyauta, jama'arsa na haihuwa da sauri, masana'antunsa na aiki, sai dai aljihunsa a bushe ya ke. Wanda ya tura sojan ƙasa su fasa garin Yang a farkon wasa zai yi asara mai yawa. Amma ganuwa ba ta tare jirgin sama, ba ta kuma tare firgicin tsutsa. Ga inda yaƙin nan biyu suka fara haɗuwa ke nan: tsutsar da aka kama a daji ita ce mabuɗin garin da bindiga ta kasa.

Sauran huɗun ba su kai waɗannan zafi ba. Kanar Corazon Santiago tana da sojan da suka fi na kowa horo, ga ta da saurin juyawa. Prokhor Zakharov malamin jami'a ne, ilmi ya sa gaba, ƙofarsa kuwa a buɗe ta ke ga 'yan leƙen asiri. Pravin Lal yana riƙe da tutar Majalisar Ɗinkin Duniya. Nwabudike Morgan attajiri ne, ciniki ya fi masa yaƙi.

Dangantaka da kowannensu hawa huɗu ce: gaba, tsagaita wuta, yarjejeniyar zumunci, da ƙawance. Mai ƙarfi a cikinsu ya kan aiko yana neman a ba shi kuɗi ko wani ilmi, in an hana ya ɗaura yaƙi. Girman kai ya kan sa mai wasa ya ƙi, alhali garuruwansa uku ne, kowanne da mai gadi ɗaya. In an yi lissafi, kuɗin da aka nema bai kai rabin abin da yaƙin zai ci ba. Abin da ba a bayarwa shi ne ilmin makami ga maƙwabci na kusa, don da shi zai dawo. Ana kuma iya biyan wani shugaba ya far wa wani, su shagala da juna. Garuruwan kan iyaka kuwa, lalle a ajiye ɗan leƙen asiri a cikin kowanne, domin kwamfuta ta kan saye gari sukutum da kuɗi ba tare da ta harba ko harsashi ɗaya ba.

Inda A Ke Cin Yaƙin

Yanzu an zo ga zuciyar magana. A cikin wasan akwai wani allo inda mai wasa ya ke zaɓar tsarin al'ummarsa. A fannin siyasa akwai mulkin 'yan sanda, da dimokuraɗiyya, da mulkin addini. A fannin tattalin arziki akwai kasuwa sakaka, da tsarin da gwamnati ke shiryawa, da tsarin kare muhalli. A fannin abin da al'umma ta fi daraja akwai ƙarfi, da ilmi, da dukiya. Kowane zaɓi da ribarsa da hasararsa, kuma kowane shugaba yana da guda da ya ɗauka tamkar addini: Yang mulkin 'yan sanda, Lal dimokuraɗiyya, Miriam mulkin addini, Morgan kasuwa, Deirdre muhalli, Santiago ƙarfi, Zakharov ilmi. Wanda ya zaɓi abin da shugaba ke so, ya sami fara'arsa. Wanda ya zaɓi kishiyarsa a wannan fanni, zai sha gori a duk ganawa, daga gori kuma sai barazana. Tun da fanni uku ne shugabanni bakwai, babu yadda za a yi a gamsar da kowa. Ma'aikacin da ya taɓa zama a kwamitin rabon kasafi ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan.

Alal misali, a ɗauka mai wasa yana riƙe da mutanen Zakharov, Miriam na gabas da shi, Deirdre na yamma. Baitulmali ya yi ƙasa, sai ya koma kasuwa sakaka, don ita ce ke kawo kuɗi fiye da kowane tsari. A shekarar farko kuɗi su ka shigo, ya yi murna. Amma da wannan zaɓi guda ya buɗe ƙofa uku. Matsayinsa a wurin ƙasar ya faɗi da maki 3, kowane maki kuwa kashi 10 cikin ɗari ne na ƙarfin harinsa a kan tsutsa, ga ɓarnar garuruwansa ta ƙaru, saboda haka tsutsotsi sun yawaita a daidai lokacin da hannunsa ya yi rauni a kansu. Deirdre, wadda da ba ta da niyyar faɗa da kowa, ta fara aiko da baƙar magana. Sa'an nan a ƙarƙashin wannan tsari jama'a ba su yarda a fitar da soja waje da iyaka ba, in an fitar sai tarzoma ta tashi a gari. Ke nan ba shi da halin ya riga Miriam bugu, abin da aka ce shi ne maganinta. In ya ƙara da fifita dukiya, horon sojansa ya sake faɗuwa da mataki biyu, Santiago ma ta shiga layin masu fushi.

A juya misalin. Ya zaɓi tsarin kare muhalli. Deirdre ta zama aminiya, iyakar yamma ta kwanta. Harinsa a kan tsutsa ya ƙaru, har ya fara kama wasu yana turawa gabas, inda ba ruwansu da yawan sulken Miriam. Amma fa ba kyauta ba ne: haihuwa ta ragu, garuruwa sun daina girma da sauri, kuɗi ba su kai na da ba, Morgan kuma ya ɗaure fuska. In Morgan yana can ƙetaren teku, fushinsa ba ya kashe kowa. In shi ne maƙwabci, lissafin ya sake. Saboda haka ba a tambayar wane tsari ne ya fi kyau. Abin tambaya shi ne su wane ne a kan iyaka a wannan shekara, kuma gansakuka nawa ce a bayan gari.

Firaxis ta sake gwada irin wannan labari a 2014 da wasan Beyond Earth. A can ma baƙin halittu su kan ƙara hasala in an yawaita kashe su, har alamarsu ta juya daga kore zuwa ja, akwai kuma shingen ƙara mai korar su daga jikin gari. Wasa ne mai kyan gani, amma shugabanninsa ba su da aƙidar da za ta ɗaure fushinsu da tsarin mulkin mai wasa kamar na da, saboda haka yaƙin biyu ba su cuɗanya sosai ba.

Saura maganar makaman ƙare-dangi. Majalisar shugabannin Chiron tana riƙe da dokar da ta hana amfani da iskar guba, wanda ya yi kuwa a sa masa takunkumin ciniki. Wanda ya harba babban makamin da ke shafe gari ya bar rami, dukan shugabanni su kan ɗaura masa yaƙi, ƙasar ma ta tashi da tsutsotsinta. Majalisar na iya jefa ƙuri'a ta soke dokar. A cikin ƙarin da aka yi wa wasan a ƙarshen 1999, mai suna Alien Crossfire, an kawo wasu baƙin halittu masu hankali da garuruwa, gida biyu masu gaba da juna, waɗanda ba a iya magana da su sai an binciko ilmin halayyarsu. Dokar hana guba ba ta rufe su ba. Ɗalibin tarihin mulkin mallaka zai gane irin wannan doka da ganin farko.

Ana iya cin wasan ta hanyar murƙushe kowa, ko ta samun kashi uku cikin huɗu na ƙuri'un majalisa, ko ta mamaye kasuwar makamashi. Hanyar da labarin ya fi karkata gare ta ita ce a gina wani babban aiki da zai ba ƙwaƙwalwar ƙasar murya, sa'an nan a gina na biyu wanda zai haɗa tunanin mutane da nata. Sai dai da zarar an gama na farko, gansakuka ta kan bazu, kuma kowane shugaba, har wanda ya ke can baya a ilmi, ya sami izinin fara na biyu. Yang, mai masana'antun nan, yana iya riga wanda ya sha wahalar binciken. Saboda haka gwanaye ba su gama aikin farko sai sun tara motocin jigilar kaya a kewayen babban garinsu, waɗanda za a narkar cikin aiki na biyu a shekarar da aka buɗe shi.